Gishirin da Ya Narke a Kasko

Ga waɗanda suke ƙofar maigari ranar da abin ya faru, don kada wani ya tashi daga baya ya ce shi ma yana nan. Akwai maigari Alu a bisa buzunsa, Allah ya jiƙansa. Akwai liman Malam Sa'idu, shi ma ya riga mu. Akwai Mamman, ƙanin kakanku, wanda yake tsaya wa gidanmu a gaban maza tun da kakanku ya rasu. Akwai ubanku, ɗana na fari, da ƙaninsa Haruna. Akwai Ja'e, Bafillacen da ke kiwon shanunmu, a tsugune can gefe, sandarsa a kwance a ƙasa don an ce ya ajiye ta. Uwarku Hawa tana bayan danga tare da mata, tana goye da babbanku. Sai samarin gari da suka yi cirko-cirko, waɗanda ba zan ɓata bakina da sunayensu ba. Sai ni. Mamman da Haruna da Ja'e da uwarku duk suna da rai. Wanda ya ga na ƙara ko na rage, ya je ya tambaye su.

Na sa a rubuta wannan saboda ku, tun da a Madawa kuka tashi ba a gabana ba, kuma na san abin da kunnuwanku suka sha: wai kakarku ta tona asirin ɗanta a bainar gari saboda bare. Ba gafara nake nema ba. So nake ku ji yadda aka yi daga bakin wadda ta yi.

Shanun gidanmu suna hannun gidan su Ja'e tun zamanin uban kakanku. Da damina su yi arewa da su, da kaka su dawo su sauka a gonarmu ta tudu, shanu su ci kara su bar mana taki. Nono nasu ne, maruƙa namu. Abin da ke wuyanmu shi ne hatsi da gishirin lasa. Gishirin nan ba a kai shi tsura. Ana daka shi, a haɗa da kanwa, a cuɗa da dussa, a aika ruga ranar da shanu suka sauka. Kuma akwai abin da ku 'yan birni ba ku sani ba: makiyayi ba ya ɗanɗana abin da gidan amana ya aiko masa. In ya kai shi baki, kamar ya ce yana zarginku ne. Zubawa yake a komi, ya kira shanu. Ni nake haɗa gishirin nan da hannuna kowace shekara, ba na bar wa kowa, don uwata 'yar gishiri ce a kasuwar Bangi, a gindin kantu na yi wayo.

A shekarar da nake ba ku labari, ana gab da saukar shanu sai aka aiko yayata ta rasu a Karofane. Kafin in tashi na daka gishirin, na zuba a buhu, na ɗaure bakinsa da baƙin ƙyalle, na jingina a ɗakin ajiya. Na ce wa ubanku ga shi nan, mai baƙin ƙyalle, in shanu sun riga ni a ba Hawa ta haɗa. Ya ce to, idonsa na kan babur ɗinsa. A lokacin hankalinsa duk yana garkar albasa da ya buɗe a fadama wajen Tama, ba ya jin wata magana in ba ta iri da ban ruwa ba.

A kan hanyar dawowa labari ya tare ni, daga bakin mai amalanken da ya ɗauko ni. Shanu sun sauka, an kai musu lasa da safe, kafin rana ta take suka kama makyarkyata, ciki ya kumbura kamar ganga, kumfa na zuba a baki, suka dinga faɗuwa. Huɗu namu, biyu na Ja'e. A cikin namu har da jar saniyar da kakanku ya fi so. Ja'e ya yanka waɗanda wuƙa ta riska, amma ba wanda ya yarda ya taɓa naman, sai rami aka haƙa.

Na tarar gari ya riga ya yanke hukunci. Kafin damina ubanku ya ja shingen garkarsa ya ci gefen burtalin da shanu ke bi zuwa rijiya, shi da Ja'e suka yi musayar magana a gaban mutane. To, sai aka ce ramuwa ce, Ja'e guba ya sa. Da wani ya ce ai nasa ma sun mutu, sai aka ce wayo ne na ɓad da sawu. Mamman ya ce a kira jandarma, 'yan sandan karkara, daga Buza. Samari suka soma zancen ashana da bukkoki. Maigari ya ce kowa ya dakata, za a zauna bayan sallar Juma'a, in Ja'e bai wanke kansa ba a miƙa shi, iyalinsa kuma su tashi daga gonarmu. Kun san yadda zamani ya koma. Makiyayin da aka ɗora wa irin wannan, ko ya fito daga hannun hukuma ba shi da sauran wurin sauka a ƙasar nan.

Kada ku ɗauka tausayinsa ne ya kama ni. Ni ban yarda da kowa ba, har da shi. Na ga mutanen kirki sun yi mugun abu a kan burtali. Na zargi Mamman ma, don ya daɗe yana so a karɓe shanun a sayar a sayi injin ban ruwa. Na zargi maƙwabta. Da na huta na ɗauki sandata na tafi ruga, ban gaya wa kowa ba. Na sami Ja'e zaune a inuwar gawo, bai fita kiwo ba. Muka gaisa, na zauna ina kallon hannuwansa, don baki ya iya ƙarya, hannu bai iya ba.

"Ja'e, mi kab ba su?"

"Abin da anka aiko, Inna."

"Ba ka ƙara komi ba?"

"Ban ƙara ba."

"Ka ɗanɗana?"

Ya ɗago ya dube ni kamar na zage shi.

"Abin gidanku? Ubana bai ɗanɗana ba, ni zan soma?"

"Ina sauran?"

"Isuhu ya zo da kainai, ya kwashe ya binne, ya ƙone komin. Ya ce kada awaki su lasa."

Ubanku yake nufi. Na riƙe wannan a raina. Mutumin da ke cewa guba aka sa, ai shi ya kamata ya adana sauran don hukuma ta gani. A hanyar gida na yi ta juya maganar, na ce watakila ruɗewa ce. Amma da na shiga gida sai na soma lura da ubanku. Duk wurin da aka taru muryarsa ta fi ta kowa. In an ambaci Ja'e sai ya miƙe tsaye. In an ambaci gishiri sai ya tuna yana da aiki. Ya hana kowa zuwa garka, wai wani ciwo ya faɗa wa albasa, kada ƙafa ta yaɗa shi. Na leƙa ɗakin ajiya, babu buhuna, babu wani buhu, an share ƙasa tas, abin da ba a taɓa yi ba sai na yi faɗa. Uwarku kuwa ta daina haɗa ido da ni. In na shigo madafa sai ta fita ɗebo ruwan da ba a bukata.

Na bari sai da maza suka fita, na kira ta, na sa ta zauna.

"Wane buhu kinka haɗa?"

"Wanda na iske bayan ƙohwa, Inna. Shi ɗai na a ɗakin."

"Da baƙin ƙyalle?"

Ta ce da igiyar roba yake ɗaure. Sai kuka. Na ce ta share hawaye, ba kuka na kira ta ba. A nan ta gaya mini abin da ta ɓoye. Ranar da ta haɗa lasar ta ɗebi kaɗan a 'yar ƙwarya don miya. Ta zuba, miya ba ta ji ba. Ta ƙara, ba ta ji ba, sai wani ɗaci-ɗaci. Ta zubar da miyar a bayan gida ta sake wata, tana tsoron a ce amarya ba ta iya girki ba. Da labarin shanu ya zo sai ta tuna da miyar nan ta tsorata, tun da hannunta ne ya cuɗa. Ta gaya wa mijinta, ya ce ta rufe bakinta in tana son zaman gidan. 'Yar ƙwaryar tana nan, ta tura ta ƙarƙashin gado.

Na karɓa na fita da ita rana. A ido gishiri ne, fari, dakakke. Amma ni na san gishiri. Kome dakan da ka yi masa, in ka baza shi a tafin hannu ka duba da kyau, kowace ƙwaya tana da kusurwa, in ka murza sai ka ji tana cizon yatsa. Haka yake fashewa tun daga kantu har gari, ba ya sake hali. Wannan kuwa da na danna da farce sai ya mutu murus kamar alli. Na taɓa a harshe, babu gishiri ko kaɗan, sai ɗaci da wani sanyi. Na tofar. Na jiƙa hannu na damƙa, sai tafin hannuna ya yi sanyi kamar na riƙe gindin randa. Na ce to, saura wuta. Na ɗora kasko a garwashi, na fara barbaɗa gishirin girkina. Ya yi abin da ya saba, ƙaf-ƙaf, yana tsalle yana tartsatsi, kasko ya yi zafi har ya soma baƙi, shi yana nan a gishirinsa. Na share, na barbaɗa na ƙwaryar. Ko motsi bai yi ba. Sai ya kwanta ya narke kamar man shanu, ya zama ruwa garai, ya soma tafasa, wani wari ya taso ya soki hancina kamar turken awakin da aka shekara ba a share ba. Ba sukari ba ne, sukari ja yake yi ya yi ƙamshi. Ban san sunan abin ba a lokacin, amma na san warin. Shi ne ke tashi daga fangalin albasa in an zuba farin angire, takin zamanin nan, an ba da ruwa da rana.

Shekaru bayan haka na ba gwaggonku Rakiya wannan labari, ita da ke koyarwa a kolej. Na tambaye ta, tun da an ce sun karanta, me ya sa abu biyu farare, ɗaya ya gagari wuta ɗaya ya narke. Ta ce kowane abu ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Na gishiri iri biyu ne masu jan juna, kowace tana riƙe da maƙwabtanta ta sama da ƙasa da kowane gefe, a jere kamar tubalin da magini ya ja wa igiya. Shi ya sa yake fashewa da kusurwa, shi ya sa wutar murhu ba ta isa ta raba su ba, tartsatsin ma ɗan ruwan da ya maƙale a ciki ne ke neman hanya. Na angiren nan kuwa, wanda suke kira ire, ɗauri-ɗauri ne. Kowane ɗauri a ɗaure yake tam, amma tsakanin ɗauri da ɗauri riƙon bai kai na gishiri ba, kamar damman gero da aka jingina da juna, zafi kaɗan sai su zame. Na ce to, in gishiri na da wannan ƙarfi, yaya aka yi ruwa ke cinye shi, har Hausawa suka ce ya yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo ya ji kunya? Ta ce ruwa ba ture ginin yake ba, kewaye tubalin yake yana zare su ɗaya-ɗaya.

"Ke kin gan su, ƙwayoyin nan?"

"A'a, Inna."

"To ni na ga kasko."

Ta yi dariya. Amma maganarta ta zauna mini, don ban sami inda ta saɓa da abin da hannuna ya sani ba.

Mu koma. Da na gane angire ne, sai tambaya ta zama ina nawa buhun ya tafi. Angire ba ya kwana a ɗakin ajiyata, na hana tun da daɗewa. Ranar Alhamis da hantsi na gangara fadama. Daga nesa garkar kore shar, sai fangali uku na gefen rijiya da aka rufe da kara. Na ɗaga karan. Albasar ta ƙone ta kwanta, ƙasa ta yi farin ɓawo. Na ɗebi ƙasar na taɓa a harshe. Gishirina ne. A cikin bukkar garkar, bayan tsofaffin buhuna, ga nawa da baƙin ƙyallensa, an ci rabinsa. Daga nan ba sai an gaya mini ba. Angirensa ya sha damshin damina ya dunƙule, ya sa aka daka masa, ya ajiye a ɗakina da ba na nan don gudun ɓarayi. Da sassafe ya sungumi buhu bai duba ba. Albasa ta sha gishiri, shanu suka lashi angire.

Ina tsaye da ƙyallen a hannu sai na ji babur ɗin ubanku.

"Inna, mi yak kawo ki garka cikin wagga rana?"

"An ce albasa ba ta lahiya. Na zo gaishe ta."

Ya ga abin da ke hannuna. Ya kashe babur ɗin, bai sauka ba.

"Tun yaushe kas sani?"

"Tun randa ta soma ƙuna."

"Kana ji ana zancen ashana, kana sane?"

"Ba za su ƙona komi ba, baki na kawai."

"Kai, saurara. Ɗaukar buhu kuskure na, ba wanda ya hi ƙarhinshi. Shirun ga da kake yi, shi ba kuskure ba na. Gobe ka tashi ka hwaɗa da bakinka. Za a yi surutu kwana biyu a manta."

"Ba a mantawa, Inna. Ja'e na da ƙahwa, in an kore shi nan, gobe shina wani daji. Ni hwa? Nan za ni zamna ana nuna ni a kasuwa, ga mai garkar da bai san angire da gishiri ba, ya kashe shanun ubanshi."

"Daga hannun jandarma za shi tahi dajin?"

"Ke uwata ta, ko uwar Bahillace?"

Na ce masa da ba uwarsa ba ce ni, da ƙofar maigari na nufa da buhun nan, ba nan na tsaya ina shan rana ba. Na ce ina ba shi har lokacin da maigari zai buɗe baki ya yanke. Ya tada babur ya bar ni da ƙura.

Ga mu a ranar Juma'a. Na zauna a bakin danga inda tsofaffin mata ke zama, ƙwaryar tana cikin zanena. Mamman ya yi magana mai tsawo a kan amana da cin amana. Aka tambayi Ja'e, ya maimaita abin da ya gaya mini, kalma uku, bai ƙara ba. Samari suka yi ta gunaguni. Aka ce ubanku ya yi magana. Ya miƙe. Allah ya sani, a wannan lokaci na sa rai. Sai ya kawo zancen burtali, da abin da Ja'e ya ce masa kafin damina. Ya zauna. Na kafe shi da ido, yana zanen ƙasa da tsinke. Maigari ya gyara zama ya ce, to, tun da haka ne, Haruna ya hau babur ya tafi Buza.

Na ce Haruna ya dakata. Na tashi na shiga tsakiyar maza. Na roƙi maigari a kawo mini gishiri daga cikin gidansa, ba daga nawa ba, don kada a ce na shirya. Na waiwaya zan nemi mai kawo wuta, sai ga uwarku ta fito daga bayan danga da kasko da garwashi, ba ni na sa ta ba. Ku riƙe wannan game da uwarku.

Mamman ya ce, "Tsohuwa, masa za ki toya muna ana shari'a?"

"In ka ci wagga masa sai ka bi jar saniya. Matsa, tsawonka na tare min haske."

Wasu suka yi dariya, liman ya ce a natsu. Na barbaɗa gishirin maigari, ya yi ta tsalle har wata ƙwaya ta harbi ƙafar Mamman. Na share kaskon. Na fito da ƙwaryar, na ce wannan ragowar abin da aka cuɗa wa shanu ne, an ɗebe shi tun bai bar gidana ba, tun Ja'e bai gan shi ba. Na barbaɗa. Ya narke a gaban idonsu. Warin ya tashi, liman ya ja rawani ya rufe hanci, maigari ya kau da kai. Wani daga cikin samarin nan masu zancen ashana, ɗan garka ne shi ma, ya ce da ƙarfi, "Wallahi ire na!"

Mamman ya fi kowa saurin lissafi. Ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Shi ke nan, a bar shi hakanan. A ce yarinya ta yi kuskuren buhu. Mace ta, ba wanda za shi riƙe ta."

Bai iya raɗa ba, rabin wurin ya ji. Na ga kawuna sun juya wajen uwarku. Tana durƙushe a gaban garwashi da ɗa a baya. Na san yadda za ta ƙare: matar da ta kashe shanun gidan miji, kafin wata ya mutu tana gidan ubanta, ku kuma sauran ba a haife ku ba. An ɗauke kaya daga kan Ja'e za a ɗora wa wadda ta fi shi rashin mai tsaya mata. Na sake duban ubanku. Ko a nan da ya ce uffan, da na koma na zauna.

Kun san mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa furta shi ba, ko a ɗaki, ko a addu'a sai in ce wancan. Ranar na kama shi.

"Isuhu yak kawo angire ɗakina. Isuhu yaɗ ɗauki gishirin shanu ya kai garka. Buhun na can cikin bukkatai da baƙin ƙyalle, albasar na can ƙone. Yarinyar ga abin da ta iske ta haɗa."

Mata a bayan danga suka yi salati, ban sani ba ko don abin da na faɗa ko don sunan. Maigari ya tambaye ni ko yaron ya san haka kafin yau. Na ce ga shi nan zaune, a tambaye shi. Ubanku ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ratsa ta cikin samari ya wuce. Maigari ya ce wa Ja'e ya ɗauki sandarsa.

Abin da ya biyo baya kun san shi ta gefenku, ga shi ta gefena. Kafin magariba ubanku ya ɗaure kaya a babur ya tafi Madawa. Bayan an cire albasa ya aiko aka ɗauki uwarku. Garkar ya sayar. Mamman ya shekara ba ya shiga gidana, yana cewa na fifita bare a kan jini. Matan da na karɓi haihuwarsu suna ganina a rijiya su sauya zance. Ubanku bai yanke ni ba, kada ku ce na ce. Kowane azumi sukari da shayi suna isowa, in na yi ciwo magani na isowa. Amma in ya zo gari, a tsaye yake gaishe ni daga bakin ƙofa, bai sake zama a tabarmata ba. Sunayenku a bakin mutane na ji su. Na auna wannan duka, dare da rana na auna, kuma ba zan ce muku bai yi nauyi ba. In aka mayar da ni ƙofar maigari da kaskon nan, zan sake barbaɗawa. Abin da kawai nake roƙo, kada ku raina ubanku a kan wannan. Tsoron dariyar mutane ne ya kama shi, kuma na ga wannan tsoro ya kayar da waɗanda suka fi shi.

Washegarin Juma'ar nan, bayan na yi sallar asuba na ɗauko kantun da nake ɓoyewa a ɗakina, na fasa, na daka da kaina. Uwarku ta zo za ta karɓi taɓarya, na ce ta kawo kanwa da dussa kawai. Na cuɗa, na ɗora a jaki, na kwance karsanar da nake turkewa a gida, zuriyar saniyar da na gada daga uwata, na ja ta zuwa ruga. Na tarar suna naɗe tabarmi, matar Ja'e ta riga ta sauke ƙoren nono daga kan gado. An wanke shi, amma zai tashi duk da haka. Na ɗaure karsanar a turkensa, na ce madadin nasa ce, ɗayar kuma sai Allah ya hore. Ya soma cewa a'a, na ce ba shawara na kawo ba. Na sauke lasar, na buɗe a gabansa, na ɗiba na sa a bakina. Na sake ɗiba na miƙa masa.

"Ɗanɗana."

"Inna, ba mu yin haka."

"Daga yau kuna yi. Kai da ɗiyanka, ko daga hannuna yah hito."

Ya kau da kai. Ban janye hannun ba. Muna nan a haka har matarsa ta ce masa wani abu da Fillanci. Ya miƙo yatsu biyu ya ɗiba, ya kai baki, ya daɗe yana juya shi.

"Gishiri na."

"To, zuba musu."

Ya zuba a sabon komi, ya kira su. Na zauna a gindin gawo ina kallon cikin kowace saniya har rana ta take, suka kwanta suna tuƙa. Matarsa ta mayar da ƙoren bisa gado. Daga nan ban nufi gida ba, na gangara fadama, don albasar da ta rage ba ta yi wa kowa laifi ba, kuma mai ita ya tafi. Na ɗaura ɗamara na jefa guga.